A Cire Maɗaciya Kafin A Raba Nama

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, a gareji da kasuwa da gindin bishiya, watau wai ƙarfe ƙarfe ne. In injin mota ya mutu, ko na babur, ko na niƙa, sai mai shi ya ce ai ya zama gwangwan, a jefar da shi bayan gida har ranar da mai saye zai zo da sikeli. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai lahani. Tsohon inji dukiya ne da guba a ƙunshi guda, wanda duk bai san yadda zai raba su ba, zai karɓi kuɗin dukiyar yau, 'ya'yansa su sha gubar gobe.

Mu ɗauki Kutemeshi, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, can gabashin ƙasar. Ƙasar noma ce, nesa da hayaƙin masana'antun Kaduna, har mutum ya yi tsammani wannan zance bai shafe ta ba. Amma ku ƙirga da kanku. Babur nawa ne ke kai mutane gona da kasuwa? Injin niƙa nawa ne ke kuka tun da sassafe? Ga injin ban ruwa a fadama, ga janareto a shagon mai cajin waya, ga motocin da ke zuwa ɗaukar masara ran kasuwa. Ko wane ɗaya daga cikinsu mai ya ke sha, ko wane ɗaya kuma ranar mutuwarsa tana nan tafe. Mun iya sayen inji, mun iya gyaransa, har makanikanmu su kan tayar da wanda Bature ya yanke wa ƙauna. Abin da ba mu koya ba shi ne yadda za a yi da gawarsa.

Ku dubi mahauci in ya kayar da sa. Ba ya sa wuƙa haka kawai ya yi ta yanka. Sai ya feɗe, ya buɗe ciki, ya lallaɓa ya cire maɗaciya ya yar, domin ya san in ta fashe ta ɓata hanta da abin da ke kusa da ita. Sa'an nan ya ware nama gefe, fata gefe, kayan ciki gefe. To, inji ma yana da maɗaciyarsa, kuma kayan cikinsa kashi uku ne. Kashi na farko dukiya ce: baƙin ƙarfen gangar jikinsa, da alminiyam na fistan da murfi, da jan ƙarfen wayoyi. Waɗannan ana narka su a sake ƙera wani abu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ƙarfen kuwa ba ya gajiya. Kashi na biyu shara ce tsantsa: robobi, da bel, da tiyo, da guntayen taya. Kashi na uku shi ne maɗaciyar: baƙin mai, da filtar da ya jiƙa, da ragowar fetur ko gas a tanki, da batir tare da ruwansa. Dukan ɓarnar da mu ke yi ta taso ne daga haɗa kashi na uku da sauran biyun, a ce duk gwangwan ne.

Bari mu fara da baƙin mai. Ranar da aka zuba man juye a inji, fes ya ke kamar zuma. Bayan ya yi ta zagawa cikin zafi wata da watanni, sai ya kwashe gogaggen ƙarfe, da toka, da ragowar man da bai ƙone ba, ya koma baƙi ƙirin. Baƙin nan ba tsufa ba ne kawai, dattin da ya tara ne. Masana sun gwada shafa irin wannan mai a fatar ɓeraye na tsawon lokaci, suka ga yana haddasa musu ciwon daji na fata. Ƙaramar mota ta kan riƙe wajen lita 4, babur wajen lita 1, babbar mota kuwa ta kan wuce lita 20. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi lissafi cewa galan 1 na baƙin mai ya isa ya ɓata ruwan sha galan miliyan 1. Mai ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma ruɓewa da wuri kamar ganye ko kashin shanu. In an zubar da shi a ƙasa, yana nan kwance yana jiran damina. Ruwan farko ya ɗauki rabi ya kai rafi, sauran ya yi ta tsiyaya ƙasa sannu sannu. A ƙauyen da rijiya ce abin dogaro, ina ku ke tsammani zai ƙare?

Kada kuma a ce rafin ƙauye ɗaya ne kaɗai zai ɓaci. Ruwa bai san iyakar dagaci ba. Rafuka da yawa na ƙasar Birnin Gwari suna gangarawa Kogin Mariga, Mariga ya zuba a Kogin Kaduna, Kaduna ya zuba a Kwara. A ƙasar nan ne kuma dajin Kamuku ya ke, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999. Abin da makanike ya tuttular a bayan rumfarsa, mai su a can ƙasa shi zai tarar da shi a kifinsa, makiyayi kuma a mashayar shanunsa, alhali kuwa ba su ci ko kwabo daga ribar injin ba. In wannan ba zalunci ba ne, to, mene ne sunansa?

Wani zai ce, "Ai mu ba ma zubar da baƙin mai, amfani mu ke yi da shi." Na sani. Ana shafa shi a azara da ƙyaure don gara, ana zuba shi a masai don sauro da wari, ana yayyafa shi a ƙofar shago don ƙura, ana hura wuta da shi, har akwai masu shafa wa shanu don kaska da kirci. Sai mu bi su ɗaya ɗaya. Wanda aka zuba a masai, an taimaka masa ne ya kusanci ruwan ƙarƙashin ƙasa, an rage masa tafiya. Wanda aka yayyafa don ƙura, yara ne ke rarrafe a kansa, su sa hannu a baka. Wanda aka ƙona a murhu, dattin da ke cikinsa bai ɓace ba, ya koma hayaƙi ya shiga ƙirjin mai dafa tuwo da goyon da ke bayanta. Saniya kuwa ba ta san magani ba, lasar jikinta ta ke yi, nononta kuma ba ita kaɗai ke sha ba. Kaska na iya mutuwa, gaskiya ne, amma akwai maganinta na ainihi wurin malamin dabbobi. Wanda ya ƙona rumbu don ya kashe ɓera, ɓeran ya mutu, amma ba a kiransa mai dabara.

Yanzu mu zo kan batir, wanda ya fi baƙin mai mugunta. Nauyin da ku ke ji in kun ɗaga batirin mota, yawancinsa dalma ce, ruwan da ke ciki kuma asid ne mai cin fata da tufa, mai makantar da ido. Mai saye da sikeli dalma ya ke so, ba ya biyan kuɗin ruwa, saboda haka sai a fasa batir da gatari, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a bar garin dalma yana bushewa iska tana ɗauka. Wani lokaci ma yara a ke ba wannan aiki, a biya su da kuɗin alewa. Dalma in ta shiga jikin yaro, ta baki ko ta hanci, ta kan tafi jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Mai yawa ta kawo ciwon ciki da amai da jijjiga, har mutuwa. Kaɗan kuwa ta dakushe hankali a ɓoye, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali guba ce aka ciyar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, ko da ƙanƙane ne.

Mutanen Birnin Gwari ba sa bukatar a je da nisa don a nuna musu aikin dalma. A 2010 aka gano ta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ta kashe yara aƙalla 400. A 2015 ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu ta kudu, yara 28 suka mutu. Waccan dalma daga duwatsun zinariya ta fito, waɗanda a ke niƙawa cikin gidaje, ba daga batir ba. Amma dalma dalma ce, jikin yaro ba ya tambayar inda ta fito. Wanda ke son misalin batir kansa, to, ga shi: a wata unguwa ta bakin teku a gefen Dakar, babban birnin Senegal, inda mutane suka daɗe suna fasa tsofaffin batura, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Iyayensu ba mugaye ba ne, talakawa ne masu neman abin sawa a baka, kamar mu. Ƙasar Birnin Gwari kuwa ƙasar haƙar zinariya ce tun zamanin Turawa, yaranta suna da ƙofa ɗaya buɗe da dalma za ta iya shigowa, don me za mu buɗe mata ta biyu da hannunmu? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Har wa yau akwai wata ƙofar, ita ce tukunya. Masu zubin tukwane su kan narka alminiyam na tsohon inji da na lagireto, su zuba tukunya mai kyau mai araha. Sana'a ce ta kirki, ba na zaginta. Amma in aka jefa ko wane irin tarkace cikin narkon ba tare da an tsince ba, dalma ta kan bi. A 2014 masana suka auna irin waɗannan tukwane a ƙasar Kamaru, suka tarar da dalma tana fita daga jikinsu in an dafa abu mai tsami. Mu kuwa ga tsamiya, ga yakuwa, ga tumatir, kullum suna cikin tukunya. Saboda haka mai zubi ya san abin da ya ke narkawa, kada ya yarda da ƙarfen da ya yi kusa da batir ko wanda aka like da dalma.

To, wannan rarrabewa da na ke kira gare ta, ba ni na ƙago ta ba. Duniya ta koye ta da wahala, Nijeriya kuma tana cikin waɗanda suka biya kuɗin karatun. A 1988 aka gano cewa waɗansu 'yan kasuwa sun yi jigilar durorin guba daga Italiya, kusan tan 3,800, sun jibge su a wani fili a garin Koko, wanda yanzu ke cikin Jihar Delta. Gwamnati ta tashi tsaye har aka kwashe su aka mayar. A shekarar nan aka yi doka mai lamba 42 a kan shara mai cutarwa, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai jibge ta. A 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Basel na Switzerland don tsare zirga-zirgar irin wannan shara, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako ta Mali. Yarjejeniyar Basel ta jera kaya a jeri biyu. Baƙin mai da batirin dalma suna jerin masu haɗari. Tsohon ƙarfe mai tsabta yana jerin marasa haɗari. Matacciyar mota kuwa ba ta shiga jerin marasa haɗari sai an tsiyaye duk ruwan da ke cikinta, an cire kayan guba. Ƙasashen Turai ma suka yi tasu doka a 2000, suka wajabta a fara cire mai da batir kafin a sa wa mota guduma. Kun ga ke nan, abin da manyan masana suka zauna suka rubuta da dogon Turanci, shi ne abin da mahaucin kasuwar ƙauye ya sani tun kaka da kakanni.

Na san akwai masu ja. Na farko zai ce wannan ɗabi'ar masu kuɗi ce, talaka ina ya ga halin bin irin waɗannan ƙa'idodi? Ni kuwa na ce talaka ne ya fi kowa bukatarsu. Mai kuɗi in rijiyarsa ta ɓaci, ruwan roba zai saya, in ɗansa ya kamu, Kaduna zai kai shi ko Zariya. Talaka fa? Kuma nawa ne kuɗin tsohuwar jarka mai murfi? Kwance noti ɗaya a tara mai a cikinta, bai kai wahalar haƙa sabuwar rijiya ba.

Na biyu zai ce kakanninmu sun yi ƙira shekaru aru-aru, ba su san wata rarrabewa ba. Wannan bai san kakanninsa ba. Maƙeran da suka narka tama a ƙasar Hausa sun san ƙarfe, sun san kashin ƙarfe, ba su taɓa haɗa su ba. Marina da majema kuwa a gefen gari a ke ajiye su, don an san ruwansu ba na sha ba ne. Abin da kakanninmu ba su sani ba shi ne baƙin mai da batir, domin ba su gan su ba. Baƙon kaya ne, ya zo mana da amfaninsa, muka karɓa hannu biyu biyu, muka ƙi tambayar sharrinsa.

Na uku shi ne mai magana mafi nauyi. Zai ce, mutanen da suka sha kashe-kashe da sace-sace a hannun 'yan bindiga, waɗanda aka kai wa hari har cikin Kutemeshi a watan Fabrairu na 2021, su za ka zo wa da zancen baƙin mai? Wannan magana tana da zafi, ba kuwa mai raina abin da mutanen nan suka gani. Amma ku duba da kyau. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Duk inda hanya ta buɗe bayan fitina, masu sayen gwangwan suna cikin na farkon zuwa, domin fitina ta kan bar ƙonannun motoci da babura da injunan da aka gudu aka bari. Lokacin kwashe su shi ne lokacin da za a fasa maɗaciya ko a cire ta. Mutumin da ya koma garinsu bayan gudun hijira, me ya fi bukata in ba gona da rijiya ba? Harsashi yana da ƙara, kowa ya ji ya gudu. Dalma ba ta da ƙara. Bai kamata yaron da ya tsira daga na farko ya faɗa hannun ta biyu ba.

Akwai kuma waɗanda suka zarce, su ka ce a hana sana'ar jari bola ɗungurungum, kamar yadda hukumar Abuja ta hana yawon 'yan bola cikin birni a watan Janairu na 2025. Ɓarawon da ke sace murfin kwalbati da wayar lantarki a kama shi, wannan ba gardama. Amma mai sayen tsohon ƙarfe na halal yana yi mana aiki. Ba don shi ba, da matattun injuna sun cika mana lunguna, suna tara ruwa da sauro da macizai. Kasuwar Panteka ta Kaduna shaida ce a kan abin da hannun mutanenmu ke iya fitarwa daga abin da aka yar. Gyara a ke bukata, a koya masa abin da zai ɗauka da yadda zai ɗauka, a kuma hana shi fasa batir a cikin gari.

Laifin ba na talakawa kaɗai ba ne, hukuma ma tana da kasonta, kuma shi ne babba. An kafa hukumar NESREA a 2007 don ta tilasta bin dokokin muhalli a ƙasa duka, Jihar Kaduna kuma tana da tata, watau KEPA. A 2024 aka fito da ƙa'idodi na musamman a kan batura. Madalla da wannan. Amma dokar da ke kwance a ofis, manomin Kutemeshi bai taɓa jin ta da harshensa ba, wace rijiya za ta tsare? In ka ce wa mutum kada ya zubar, wajibi ne ka nuna masa inda zai kai. Baƙin mai ana iya tace shi ya koma man juye, dalmar batir ana iya narka ta a masana'anta mai tsari ta koma sabon batir. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta ɗauko su daga ƙauye ta kai can. Kamfanonin da ke sayar mana da mai da batir, motocinsu sun san hanyar kawo kaya, ya kamata su san hanyar komawa da ragowarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Ga abin da na ke ganin ya kamata, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Mai inji, kafin ka sayar ko ka ajiye, ka tsiyaye mai a jarka ka rufe, ka kifa filta a kan gwangwani ta tsane kwana ɗaya, ka ɗora injin a kan dutse ko katako inda ruwan sama ba ya dukansa, nesa da rijiya. Batir kada ka fasa, kada ka tsiyaye, ka mayar wa mai sayar da sabo yadda ya ke, a rage maka kuɗi. Robobi da wayoyi kada a ƙona su don neman jan ƙarfe, a feƙe da wuƙa. Makanike, ka ajiye duro guda a rumfarka don baƙin mai, ka hana yaran da ke koyon aiki wanke hannu da fetur, ka sa su wanke da sabulu kafin su ci abinci, kayan aikin kuma kada su shiga ɗakin da jariri ke kwana. Dagatai da masu unguwanni su keɓe fili ɗaya a wajen gari, nesa da rafi da fadama, a ce nan kaɗai a ke kwance inji, nan a ke auna gwangwan. Ƙaramar Hukuma ta sa duba-gari su riƙa zagawa ran kasuwa, ta kuma shirya da masu lasisin karɓar baƙin mai da batir su riƙa zuwa kwashewa. In ta yi shiru, ku rubuta wa kansilanku takarda, ku sa hannu ku da yawa, ku ajiye kwafi, ku sake rubutawa in ba a amsa ba.

'Yan'uwa, inji ya yi mana rana. Ya ɗauke wa mata wahalar daka, ya kai marar lafiya asibiti cikin dare, ya shayar da albasa da rani. Ba wanda ya ce a koma kan jaki. Amma gona da rijiya gado ne, mun same su da tsabta daga waɗanda suka riga mu, waɗanda ke tafe kuma za su tambaye mu yadda muka bar su. Ƙarfe in ya tsufa ana narka shi ya dawo sabo. Rijiyar da ta sha baƙin mai sai dai a cike ta, yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa kuwa ba maƙerin da zai gyara shi. Don haka duk ranar da wani ya ce muku ƙarfe ƙarfe ne, ku tambaye shi ko ya tsiyaye man, ku tambaye shi ina batirin. Rigakafi ya fi magani.